Ɗan Ci-ranin Ƙwallon Kwando da Dogon Yaron Unguwarmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da mutanenka. Ni tsohon malamin wasanni ne. Na ƙare ƙuruciyata a filayen makarantun sakandare na nan Katsina da usur a wuya, kuma ko da na ajiye aiki, usur ɗin bai ajiye ni ba. Kullum bayan la'asar ina zuwa wani tsohon filin siminti da ke kusa da mu, inda samari ke buga ƙwallon kwando. Simintin ya tsattsage, kwando ɗaya ya karkace tun wata iskar bazara, raga kuwa mun daɗe da mantawa da kamanninta. In ƙwallo ta bi ta wajen zoben sai a yi ta gardama ko ta shiga ko ta wuce ta gefe. A haka muke lallaɓawa.

Shafinku na wasanni nake fara buɗewa kafin na siyasa. To amma ka yi haƙuri in faɗa maka, shafin ya zama gidan ƙwallon ƙafa. Ranar da Allah ya sa kuka tuna da ƙwallon kwando, layi huɗu ne a can ƙasa, ko LeBron James ya yi kaza, ko Stephen Curry ya yi kaza. Ban ce kada a rubuta su ba. Illa dai yaran da ke hannuna sun taso suna zaton a wannan wasa mutum iri biyu ne kawai, wanda ya zama LeBron da wanda ya tashi a tutar babu. Alhali tsakanin nan akwai jama'a masu ɗimbin yawa da suka ci abinci da ƙwallon nan, suka yi aure, suka gina gida, ba a taɓa jin sunansu a Katsina ba. Labarin ɗaya daga cikinsu nake so ka ba ni fili in bayar. Amma bari in fara da abin da ya sa na ɗauki biro.

Akwai wani yaro a wurinmu, shekararsa 19. Ba zan faɗi sunansa ba, don mahaifinsa mutumin kirki ne, kuma kafaɗa da kafaɗa muke tsayawa a sahun asuba. Yaron nan in zai shiga zauren gidansu sai ya sunkuya. Tafin hannunsa kamar faifai. Bara wani mutum ya same shi ta waya, ya ce ya ga bidiyonsa, zai samo masa gurbin karatu da wasa a Amurka, a turo kuɗin fom da na biza. Alhaji, mahaifin yaron, ya sayar da san da yake kiwo, aka tura. Aka ce saura na tantancewa, aka sake turawa. Daga nan waya ta koma a kashe, har yau da nake rubutun nan. Bana kuma sai ga wata ƙungiya ta nan cikin Najeriya, mai buga gasar ƙasa, ta ce ya zo a gwada shi, in ya ci gwajin za a ba shi ɗaki da abinci da ɗan alawus. Yaron ya dube ni ya ce, “Malam, ni fa Amurka nake so. In na tafi can ai na zama ɗan ci-rani.” Alhaji shi kuma maciji ya riga ya sare shi, baƙin tsumma ma gudunsa yake. Ya ce ba inda yaro zai ƙara zuwa, ga shago nan ya zauna.

Kalmar ci-ranin nan ita ta tsaya mini a wuya. Na zaunar da shi a gindin bedin da ke bakin fili, abokansa na tsokana wai dogon yaro a inuwar dogon yaro, na ce to saurara in ba ka labarin wani ɗan ci-rani Ba'amurke.

Sunansa P. J. Tucker. An haife shi a 1985 a garin Raleigh, jihar Karolina ta Arewa. Ya yi wasa a Jami'ar Texas, kuma a 2006 shi aka zaɓa gwarzon shekara a rukunin jami'o'in da ake kira Big 12. Tsayinsa ƙafa 6 da inci 5, wajen mita 1.96. In ya ratsa Babbar Kasuwar Katsina sai an bi shi da kallo, amma a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ga mai wasa a gindin kwando, gajere ne. A jami'a ƙarfi yake ci da shi. Ya ture, ya danne, ya kwashe duk ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo. Jifa daga nesa ba ta cikin kayan aikinsa, don bai taɓa buƙatarta ba.

Masu karatu da yawa ba su san yadda ake shiga NBA ba. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace shekara sai su zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa, mutum 60 a zagaye biyu, daga duk faɗin duniya. Wanda aka ɗauka a zagayen farko kwantiraginsa tabbatacce ne. Na zagaye na biyu kuwa a kan siraɗi yake. Toronto Raptors ta ɗauki Tucker a lamba ta 35, wato zagaye na biyu. Wasa 17 kacal ya buga mata. Ta tura shi ƙaramar gasar horo a Colorado, kafin kakar ta ƙare kuma, a 2007, ta sallame shi. Yana da shekara 21, gwarzon jiya ya wayi gari ba shi da wurin aiki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ya yi gajarta ga masu gindin kwando, ba shi kuma da jifar masu wasa daga waje. Jemage ke nan, ba ya tsuntsu ba ya dabba.

Sai ya ɗauki jakarsa ya ƙetare teku. Ya fara da Isra'ila, a ƙungiyar Hapoel Holon, inda a 2008 suka ɗauki kofin ƙasar, suka karya Maccabi Tel Aviv da ta yi shekara 14 a jere tana riƙe da shi, shi kuma aka ba shi kambun ɗan wasan da ya fi kowa a gasar. Daga nan ya wuce Donetsk a Yukiren, garin nan da daga baya yaƙi ya ɗaiɗaita. Ya sake komawa Isra'ila, ya je Aris a Girka, ya je Montegranaro a Italiya, ya leƙa tsibirin Puerto Rico, sannan ya sauka Bamberg a Jamus. A can ma suka ɗauki kofi a 2012, aka ba shi gwarzon wasannin ƙarshe. Shekara biyar yana yawo, yau nan gobe can, harshen da bai iya ba, abincin da bai saba ba, sanyin da ya sa hunturunmu ya zama wasan yara.

Ni abin da na ce wa yaron ya lura da shi ba yawan garuruwan ba ne. Abin da mutumin ya koyo a cikinsu ne. Wasan Turai minti 40 ne, ba 48 ba kamar na NBA, saboda haka kowane riƙon ƙwallo yana da tsada. Koci sarki ne, maganarsa ɗaya. Baƙon da aka ɗauko daga Amurka aka biya shi kuɗi, in ya yi wasa uku ba a ga amfaninsa ba, tikitin jirgi za a miƙa masa, wani na layi yana jira. A irin wannan wuri Tucker ya gane cewa ƙarfin da ya ci jami'a da shi bai isa jari ba. Ya duƙufa a kan abu biyu. Na ɗaya, tsare mutum, ya manne maka kamar ƙaska har ka gaji da ranka. Na biyu, jifa daga kusurwa.

Zan ɗan tsaya a kan kusurwar nan, don nan ne dabarar take. Layin da in ka yi jifa daga bayansa ake ba ka maki uku, a NBA nisansa daga kwando ƙafa 23 da inci 9 ne ta wajen tsakiya. Amma a kusurwoyi biyu na fili, inda layin ya miƙe ya bi gefe, ƙafa 22 ne. Makin ɗaya ne, nisan ya ragu. Kamar buhu ɗaya ne a shago biyu, ɗaya ya fi araha. Ga wata riba kuma: in mai iya jifa ya tsaya a can lungu, dole mai tsaronsa ya bi shi, tsakiyar fili ta buɗe wa tauraron ƙungiya ya kutsa. In mai tsaron ya bar shi ya tafi taimako, sai a cilla masa ƙwallo ya jefa. Mutum zai iya yin minti biyar a tsaye a lungun nan bai taɓa ƙwallo ba, kuma aiki yake yi. Yaranmu wannan ne ba su iya jurewa. Kowa so yake ƙwallo ta kasance a hannunsa, yana murza ta tsakanin ƙafafu, 'yan kallo na ihu, agogo na tafiya.

A 2012 Phoenix Suns ta kira shi. Ya koma NBA yana da shekara 27, shekarun da wasu ke fara tunanin ajiye takalmi. Bai koma da sunan tauraro ba, ya koma da sana'a a hannu. A Fabrairun 2017 kuma sai ga Toronto, wadda ta sallame shi shekara goma baya, ta ba da ɗan wasa guda da guraben zaɓe biyu don ta dawo da shi. Wa ke shugabantar Toronto a lokacin? Masai Ujiri, wanda ya tashi a nan Zariya, shi ma kuma ya yi nasa yawon buga ƙwallo a ƙananan ƙungiyoyin Turai kafin ya koma ofis. Da na zo nan yaron ya ɗago kai ya ce, “Malam, Zariyar nan tamu?” Na ce ita, wadda mota ke kai ka kafin azahar in ka yi sammako.

Daga Toronto ya tafi Houston Rockets, gidan Hakeem Olajuwon ɗan Legas, wanda ya ɗauko musu kofi a 1994 da 1995. A kakarsa ta farko a can sun ci wasa 65 cikin 82, Golden State ce ta tare su a wasa na bakwai na karawarsu a zagayen kusa da na ƙarshe, saura taki ɗaya su kai wasan ƙarshe. A 2020 Houston ta yi wani abin da ya ba mutane dariya: ta rabu da dogon ɗan tsakiyarta, Clint Capela, ta sa Tucker a gurbinsa. Mutumin da aka kora saboda gajarta shi ne aka ce ya je ya tare ƙattin da suka kai ƙafa 7.

A Maris na 2021 Milwaukee Bucks ta ɗauke shi, kuma kowa ya san don me. A kan hanyarsu ta zuwa kofi akwai Brooklyn, a Brooklyn kuma akwai Kevin Durant, gwanin zuba maki. Suka kara sau bakwai. Durant ya zuba maki 49 a wasa na biyar, ya zuba 48 a na bakwai. Na san mai karatu zai ce, to ina tsaron yake? Haka yaron ma ya ce. Amsar da na ba shi ita ce, irin su Durant ba a hana su ci, sai dai a sa su biya. Kowace ƙwallo sai ya yi gumi kafin ta iso hannunsa, ƙirji a ƙirji, minti bayan minti, sauran abokan Tucker kuma ba su buƙaci barin nasu mutanen su zo agaji ba. Wasa na bakwai ya kai ƙarin lokaci, Milwaukee ta ci 115 da 111.

Wasan ƙarshe ba zan manta da shi ba saboda ranar da ya faɗo. Talata ce, 20 ga Yuli, ranar Babbar Sallah. A Amurka da dare aka buga, mu kuma ƙarfe biyun dare ya same mu. Ragon layya na jingine a gefen garwashi a tsakar gida, mata sun gama suyar kayan ciki sun kwanta, ni da jikana muna kan tabarma, ya jingina wayarsa a jikin buta, muna kallo da ƙaramar murya kada mu tada gida. Sau biyu hoton na tsayawa cak, sai ya tashi ya ɗaga wayar sama kamar mai neman wata. Milwaukee ta doke Phoenix 105 da 98, ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1971. Giannis Antetokounmpo, tauraron Milwaukee, ya ci maki 50 shi kaɗai. Shi ma ɗan 'yan ci-rani ne, iyayensa daga Legas suka tafi Girka, sunan gidansu Adetokunbo, ya yi talla a titunan Atina yana yaro. Duk duniya shi take kallo, kuma ya cancanta. Ni kuwa idona na kan wani mai gemu, faffaɗan ƙirji, ɗan shekara 36. Ka duba takardar maki ta daren, ba abin kirki a gaban sunan Tucker. Amma koci ya bar shi a fili mafi yawan wasan. Koci ba ya yin haka don kunya ko zumunci a daren kofi. Kuma ƙungiyar da aka doke ita ce Phoenix, wadda ta buɗe masa ƙofar dawowa. Muka tashi da kiran assalatu, na tafi masallaci ido jawur, Alhaji na tambayata ko naman Sallah ne ya hana ni barci.

Bayan shekara guda, yana da 37, Philadelphia ta ba shi kwantiragin shekara uku na wajen dala miliyan 33. Abin haushin shi ne, da na tambayi yarana ko sun san shi, ɗaya ne ya ce e, wai ai shi ne mai tarin takalma ɗin nan. Gaskiya ne, an san shi da tara takalman wasa har dubbai. Takalman sun iso Katsina ta waya, shekara biyar ɗin Yukiren da Girka da Jamus ba su iso ba.

Kada a ce na yi wa yaro romon baka. Ba kowa ke komawa ba. Mafi yawan Amurkawan da suka fita, a waje suke ƙare wasansu, kuma wannan ma ba faɗuwa ba ce. Stephon Marbury tauraro ne a NBA, al'amura suka cakuɗe masa, ya tafi Sin a 2010, ya ɗauko wa Beijing Ducks kofi uku, a 2012 da 2014 da 2015, har mutum-mutuminsa suka kafa. Sannan Tucker fasfon Amurka ne a aljihunsa, da sunan babbar jami'a a bayansa. Yaronmu koren fasfo zai riƙe, in ma ya samu. Tsaninsa ya fi tsawo, matakin farko kuma a nan gida yake, kuma shi ne matakin da yake rainawa. A zaɓen 2006 ɗin nan da aka ɗauki Tucker, Cleveland ta ɗauki ɗan Najeriya Ejike Ugboaja a lamba ta 55, kuma daga gasar nan ta gida aka hango shi. Ga Kano Pillars nan kusa da mu, mutane sun san ta ƙwallon ƙafa, ba su san ta ƙwallon kwandon ta sha ɗaukar kofin ƙasa ba. Tun 2021 akwai gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL da aka fara a Kigali da hannun NBA a ciki, masu farautar 'yan wasa na zaune a gefen fili da littafi. Wanda ke zaune a shago yana jiran kiran waya daga Amurka, ba ta inda za su gan shi.

Ci-rani kuwa, ban san yaushe ya zama zagi ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, rani bakwai ya yi a Sabon Ibadan. Da an gama girbi sai ya ɗaure tabarmarsa, da hadari ya fara haɗuwa sai ya dawo. A rani na bakwai ya sauka daga mota da keken ɗinki a ka, da iya ɗinkin da ya koyo a wurin wani tela a can. Da keken nan aka biya mini kuɗin makaranta har na zama malamin da ke rubuto maka wasiƙa. Kakanninsa kuma har Gwanja suka je fataucin goro. Ban taɓa jin an ce sun ji kunya ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka sa wakilanku su riƙa kawo mana sakamakon gasar ƙwallon kwando ta gida, ko da layi goma ne a mako. 'Yan wasanmu maza sun ɗauki kofin Afirka a 2015, sun doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas kwana goma kafin daren Sallar da na ba da labari, matan kuma sun mayar da kofin Afirka kamar gadon gidansu tun 2017, har suka kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Faris a 2024. Ai wannan ya wuce layi huɗu. Ku kuma ja kunnen iyaye a kan masu kiran waya da alkawarin Amurka. Makarantar da ke son ɗanka da gaske ba za ta ce ka tura kuɗi asusun wani mutum ba.

Yaron dai ya ɗan sauko. Yanzu in an tashi wasa yakan tsaya shi kaɗai a kusurwar da kwandonta bai karkace ba, ya yi jifa ɗari, ƙanensa na tsinto masa ƙwallo. Jiya ya saka 31, ya ce mini iska ce. Saura Alhaji. Na yi masa bayani har sau uku, yana sauraro yana jan carbi, a ƙarshe ya ce, “Malam, duk wannan ai a waya kuka gani, wancan ma ta waya ya zo.” Alhaji mutumin da ne, abin da aka buga a takarda shi ne magana a wurinsa. Gwajin kuma ƙarshen wata ne. In da hali, a taimaka a buga wasiƙar nan kafin lokacin, in saya in kai masa har zaure.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon malamin wasanni,
Ƙofar Marusa, Katsina.